Yadda ake kula da fatar fuska kullum a yanayin Saudiyya

Yawancin matan da ke zuwa wurina gyaran jiki a nan Jidda kukansu ɗaya ne: tun da suka sauka a ƙasar nan fuskarsu ta canza. Wadda ta taso daga Kano ko Damagaram da fatarta sumul sai ta wayi gari ƙuraje sun feso mata a haɓa, wadda ke aiki a Riyad kuma ta ce da ta fito daga wanka fuskarta ke ɗaurewa tana yin fari-fari. Man da suka saba shafawa a gida yana nan yadda yake, yanayin ne ya bambanta. Jidda tana bakin Bahar Maliya, iskarta ɗauke take da laima, gumi ba ya saurin bushewa a jiki. Makka zafinta kan wuce digiri 40 a watannin zafi, a aikin Hajjin 2024 ma har ya haura 50. Madina da Riyad kuwa bushewar iska ce matsalarsu, ga sanyi mai ratsa jiki a Disamba da Janairu. Bayan wannan duka ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke aiki dare da rana yana tsotse laimar ɗaki, ga ruwan tankin saman bene wanda da azahar yake saukowa famfo da zafinsa.

Abin da nake gaya wa kowa shi ne kula da fata abu uku ne: wankewa, shafa mai, da kare ta daga rana. Sauran duk ƙari ne. Sai dai yadda mai maiƙon fuska za ta yi ukun nan daban yake da yadda mai busasshiyar fata za ta yi, shi ya sa ba na son jin "ai wance ta shafa ya karɓe ta". Da ke nake magana, 'yar'uwa, amma tsarin zai yi wa maigida da samarin gida, na kuma keɓe musu 'yan layuka a kan aski.

Kayan da za ki tanada

- Sabulun fuska mai taushi, marar ƙamshi. Na ruwa ya fi, irin su Cetaphil ko CeraVe, ana samunsu a saidaliyya, wato kantin magani, kamar Nahdi ko Al-Dawaa. Idan kuɗi bai kai ba, sabulun jarirai marar ƙamshi zai yi.
- Man shafawa na fuska wanda ya dace da fatarki. Bayaninsa na nan a mataki na huɗu, kada ki saya sai kin karanta.
- Man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama da haka.
- Ƙananan tawul biyu ko uku na fuska kaɗai, waɗanda ba a goge hannu ko jiki da su.
- Bokiti ko roba mai murfi, don tara ruwa ya huce.
- Basilin ko man kaɗanya, na leɓe da gwiwar hannu da diddige.

Maganin ƙuraje ko na tabo kada ki saye shi yanzu. Ki fara da waɗannan na mako biyu tukuna, sau da yawa rabin matsalar kan tafi da kanta.

Mataki na 1: gane irin fatarki

Ki zaɓi ranar da ba za ki fita ba. Ki wanke fuska da sabulu mai taushi, ki tsane ta, kada ki shafa komai. Ki zauna awa ɗaya a ɗakin da ba ya da zafi, ba kuma gaban mukayyif ba. Sannan ki ɗauki tishu ki danna shi a goshi, da hanci, da kumatu, da haɓa, kowane wuri da gefensa, ki ɗaga shi ki duba a haske.

Idan tishun ya ɗauko mai a duk wuraren huɗu, fuskar kuma tana ƙyalli, fatarki mai maiƙo ce. Idan bai ɗauko komai ba, kina jin fuskar ta ɗaure, musamman in kin yi murmushi, ko kina ganin fari-fari a gefen baki da hanci, busasshiya ce. Idan goshi da hanci sun yi mai amma kumatu sun bushe, gauraye ce, kuma ita na fi gani a wurin matanmu. Idan babu ƙyalli babu ɗaurewa, ki gode wa Allah, matsakaiciya ce. Akwai kuma fatar da ba ta son wargi, wadda ko sabon mai ko turare ya taɓa ta sai raɗaɗi da ƙaiƙayi. Wannan tana iya zama mai maiƙo, tana iya zama busasshiya, a tarihinta ake gane ta.

Ki maimaita gwajin idan kin canza gari ko yanayi ya juya. Fatar da ke maiƙo a Jidda a watan Agusta tana iya bushewa idan kin je Madina ziyara a Janairu.

Mataki na 2: gwada kowane sabon abu kafin ya hau fuska

Ki shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin damtse, safe da dare, aƙalla kwana uku, mako ɗaya ya fi. Idan wurin ya yi ƙaiƙayi, ko ya kumbura, ko ya fito da ƙananan ƙuraje, ki ajiye shi. Kuma abu ɗaya ake shigowa da shi a lokaci guda. Wadda ta fara sabulu da mai da magani sababbi rana ɗaya, in fuska ta ɓaci ba za ta san wanne ne mai laifin ba.

Mataki na 3: wankin safe

Ki fara wanke hannu. Ruwan ya zama mai ɗan sanyi ko ɗumi kaɗan. A lokacin zafi ki tara ruwa a bokiti tun da dare, domin ruwan famfo na rana zafinsa na kwashe man da fata ke kare kanta da shi.

Mai maiƙo: sabulu mai ɗan kumfa, ki murza da tafin yatsu na kimanin rabin minti zuwa minti ɗaya, ki ɗauraye sosai har gefen gashi da ƙarƙashin haɓa. Sabulun salo na asali yana yi wa irin wannan fata, amma yana da ƙarfi. Ki yi kumfarsa a hannu, kada ki goga curin a fuska, kuma sau ɗaya a rana ya isa.

Mai busasshiyar fata da mai saurin raɗaɗi: da safe ruwa zalla ya wadatar, alwalar asuba ma ta yi aikin. Sabulun ki bar shi sai dare.

Mai gauraye: sabulu mai taushi, ki fi mai da hankali a goshi da hanci, kumatu kuwa ki wuce su sama-sama.

Babban kuskuren masu maiƙo shi ne yawan wanki. Za ki ga yarinya ta sa sabulu sau biyar a rana, ta haɗa da soso, tana neman fuska ta yi ƙayau. Abin da take samu shi ne fatar da ta ƙuje, mai raɗaɗi, ga maiƙon yana nan. Sabulu sau biyu ne a rana, safe da dare. Soso kuma ba na fuska ba ne, musamman a baƙar fata, wadda duk inda aka ƙuje ta sai wurin ya bar baƙin tabo. Bayan wanki ki tsane da tawul ta hanyar dannawa, ban da gogewa.

Mataki na 4: shafa mai

Ana shafa mai ne fuska na da ɗan damshi, cikin minti biyu ko uku bayan wanki. Aikin man shi ne riƙe ruwan da ke fatar. In kin bari ta bushe ƙarƙaf a gaban mukayyif, kin rage masa amfani.

Mai maiƙo ita ma tana buƙatar mai, sai dai mai ruwa-ruwa marar nauyi, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya toshe ƙofofin gashi. Ki nemi mai ɗauke da gilisarin ko niyasinamaid. Man kwakwa da man zaitun da basilin kada su hau fuskarki, musamman a Jidda inda gumi ke haɗuwa da su. Haka man kitso: idan kin shafa shi ki goge gaban goshi, domin yawancin ƙananan ƙurajen da ke jeruwa a bakin gashi daga nan suke.

Mai busasshiyar fata tana son mai kauri, na cikin gwangwani, mai seramaid ko gilisarin. Idan babu, ki murza ɗan man kaɗanya a tafin hannu har ya narke, ki dannawa fuskar tana da damshi. A Riyad da Madina lokacin sanyi, ki ɗora siririn basilin a kan man da dare, a wuraren da suka fi bushewa.

Mai gauraye ta shafa mai marar nauyi a duk fuskar, ta ƙara na biyu a kumatu kawai. Mai saurin raɗaɗi kuwa ta duba jerin abubuwan da ke cikin man: wanda jerinsa ya fi gajarta, babu turare, shi ne nata. Humra da turaren wuta a bar su a tufafi da gashi, kada hayaƙin ya riƙa dukan fuska kai tsaye.

Mataki na 5: kariya daga rana

Nan ne aka fi yi mini gardama, nan ne kuma na fi nacewa. Gaskiya ne baƙar fata ba ta ƙonewa da sauri kamar fara, amma rana ce ke ƙara wa tabon ƙurji baƙi, ita ce ke hura wannan duhun na kumatu da goshi da Larabawa ke kira kalaf, wanda ke fitowa mata da yawa lokacin ciki. Duk maganin tabon da za ki saya, in ba ki kare fuskar daga rana ba, kina zuba ruwa ne a kwando.

Man da ke da SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, na 50 kuma kusan kashi 98, amma sai an shafa isasshe. Ki matsa shi tsawon yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya, wannan na fuska da wuya ne. Ki shafa shi bayan man fuska, kimanin minti 15 kafin fita. Kada ki manta bayan hannu da saman ƙafa idan takalminki buɗaɗɗe ne. Idan kina cikin rana, ana sabunta shi duk bayan awa biyu, ko bayan gumi mai yawa.

Wasu mayukan suna barin toka-toka a baƙar fata, shi ya sa mata da dama ke jefar da su. Ki nemi mai launin hoda ko wanda ke shigewa ba ya barin fari. Mai launin ma ya fi amfani ga mai kalaf. Mai maiƙo ta ɗauki marar nauyi, in ta ga dama da rana ta bar man fuska ta tsaya a kansa shi kaɗai. Idan babu halin saye, lema da inuwa da gujewa fita tsakanin hantsi da la'asar su ne madadin. Niƙabi mai kauri yana karewa, amma zagayen ido da goshi a buɗe suke, kuma siririn yadi ba ya tare da yawa.

Sai batun alwala, wanda mu dole mu yi lissafi da shi. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne alwala tukuna, mai daga baya. Kin yi alwalar azahar za ki fita, ki tsane fuska ki sake shafa man kariyar. Man da fata ta shanye ba ya hana ruwa isa gare ta. Wanda ya yi kauri ya zama shamaki shi ake cirewa kafin alwala. Idan kina amfani da irin wanda ruwa ba ya wanke shi, ki kai wa malami tambayar. Mai busasshiyar fata ta ajiye ƙaramar kwalbar mai a jaka ko kusa da darduma, domin ruwan alwala in ya bushe a fuska a cikin busasshiyar iska yana ƙara mata ɗaurewa.

Mataki na 6: tsakar rana, gumi da niƙabi

Ƙurajen haɓa da gefen kumatu a wurin masu niƙabi ko takunkumi daga abu uku suke: numfashi mai ɗumi, gumi, da gugar yadi. Ki mallaki niƙabi fiye da ɗaya, a wanke wanda aka sa yau kafin a sake sa shi, da sabulun wanki marar ƙamshi mai yawa. Wanda gefensa na ciki auduga ce ya fi. Ki rage hoda mai nauyi a wurin da yadin ke rufewa. Idan maiƙo ya taso da rana, ki danna tishu ya tsotse, kada ki ɗora sabuwar hoda a kan gumi. Masu aikin gida da girki, ku ɗauraye fuska da ruwa zalla bayan kun tashi daga gaban wuta.

Mataki na 7: dare

Wankin dare shi ne wanda ba a tsallakewa, kowace irin fata ce. Idan kin yi kwalliya, ki fara cire ta da ruwan cire kwalliya a auduga, ko ɗan mai in fatarki busasshiya ce, sannan sabulu. Ki tsane, ki shafa magani in kina da shi, ki rufe da man fuska. Rigar matashi a canza ta aƙalla sau ɗaya a mako.

Bayan mako biyun farko, idan har yanzu akwai matsala, ki ɗauki magani ɗaya:

Ga toshewar ƙofofin gashi da baƙaƙen ɗigo a hanci, sabulu ko ruwan shafawa mai salisilik asid kashi 2 cikin 100, dare biyu ko uku a mako da farko.

Ga jajayen ƙuraje masu ruwa, benzoyil feroksaid mai kashi 2.5 ko 5. Ki kula sosai: yana cinye launin yadi. Idan ya taɓa baƙar abaya ko niƙabi ko tawul, wurin zai yi ja, kuma ba ya komawa. Ki shafa shi da dare, ki wanke hannu, ki kwana a kan farar rigar matashi.

Ga ƙurajen da ke yawan dawowa, adafalin mai kashi 0.1, wanda ake sayarwa da sunan Differin. Girman ƙwayar wake ya ishi duk fuskar, a kan busasshiyar fata, dare ɗaya a tsallake biyu, a hankali a ƙara. Makonnin farko fuskar na iya bushewa ko ƙurajen su ɗan ƙaru kafin su lafa. Mai ciki ko mai neman ciki kada ta kusance shi, shi da duk danginsa.

Ga tabo da duhu, niyasinamaid ko azelayik asid. Na biyun likitoci kan ba masu ciki, amma ki tambayi taki likitar.

Fata tana ɗaukar kimanin mako huɗu kafin ta sabunta samanta, don haka kada ki yanke wa magani hukunci kafin mako shida zuwa takwas. Tabo ma ya fi haka jinkiri, watanni yake ɗauka. Kuma hannu ya bar ƙurji: wanda aka matse shi ne ke barin tabon da za a yi wata shida ana fama.

Mataki na 8: na mako-mako

Dilka, wadda muka koya daga 'yan'uwanmu na Sudan, aikin jiki ce, sau ɗaya a mako ya isa, a fuska kuma ba na yin ta ga mai ƙuraje ko mai saurin raɗaɗi. Mai maiƙo za ta iya kwaɓa garin ganyen magarya, wanda ake kira sidir a shagunan attar masu sayar da ganyayyaki da kayan ƙamshi, da ruwa ko ruwan wardin Ta'if, ta shafa minti goma ta wanke kafin ya bushe ya tsattsage. Mai busasshiyar fata ta yi zuma da ɗan kindirmo. Diddigen da ya yi kaushi ko faso a jiƙa shi, a shafa mai mai yuriya ko basilin, a sa safa a kwana.

Lemon tsami, da man goge baki, da garin bekin soda, da tafarnuwa, babu wanda ya cancanci hawa fuska. Lemon tsami in ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar baƙin shaci.

Haɗin bilicin

Akwai mayukan da ake haɗawa a roba ba suna ba lamba, ana sayarwa a gidaje da ta waya, ana cewa na amare ne. Na ga fuskokin da suka lalata, kuma abin yana ƙona mini rai. Abin da ke sa su aiki da sauri yawanci ɗayan uku ne. Sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol, wanda ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa da ƙuraje. Haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa yake juyewa ya bar baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar magani. Da makuri, wanda ke ratsa fata ya taɓa ƙoda da jijiyoyi, ya kuma kai ga jaririn da ke ciki ko a goye. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan haɗe-haɗe. Duk man da ya haska ki cikin mako ɗaya, ki tsorata da shi.

Masu harami da masu aski

Idan za ki yi Umara ko Hajji, ki tanadi sabulu da mai da man kariyar rana marasa turare tun kafin ki isa miƙati. Ki riƙe lema, ki sha ruwa sosai. Maza su shafa basilin marar ƙamshi a matsematsi kafin ɗawafi da sa'ayi, yana hana saɓulewa.

Maza masu ƙurajen aski a wuya su jiƙa gemu da ruwan ɗumi, su bi da reza yadda gashin ya kwanta, kada su ja fata su yi ƙwal. Inji mai barin ɗan gashi ya fi reza ga irin gashinmu mai murɗewa. Bayan aski mai marar turare, ba turare mai zafi ba.

Lokacin da za ki je wurin likitan fata

Idan ƙurajen manya ne masu zurfi da zafi suna barin rami. Idan kin yi wata uku kina bin tsarin nan babu canji. Idan ƙurajen sun zo tare da rikicewar al'ada ko fitowar gashi a haɓa. Ko wani tabo ya fara girma, ko canza launi, ko zubar da jini. Fari-fari ko duhu-duhu mai ɗan gari a ƙirji da baya, wanda ke yawa a laimar Jidda, sau da yawa ƙyasbi ne, kuma maganinsa daban, man shafawa na yau da kullum ba ya kashe shi. Wadda ba ta cika fita rana ba ta roƙi a auna mata bitamin D, ƙarancinsa ya yi yawa a matan ƙasar nan.

Wadda ta daɗe tana shafa haɗi kuwa kada ta yanke shi rana ɗaya ita kaɗai, domin fatar da ta saba da sitiroyid tana iya yin ja da raɗaɗi da fesowar ƙuraje in an cire shi kwatsam, sai mutum ya tsorata ya koma. Ki ɗauki robar da duk kwalaben da kike amfani da su ki kai wa likita, ki faɗa masa tsawon lokacin da kika yi kina shafawa da sau nawa a rana, shi zai tsara miki yadda za a janye shi a hankali.